Thurgood Marshall (1908-1993): Lauyan Da Bai Yarda Maganar Ɗan Sanda Ta Zama Hukunci Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa tarbar baƙo ko rakiyar matafiyi a filin jirgin saman da ke tsakanin Baltimore da Washinton, wanda muka fi sani da BWI, ya ga sunan Thurgood Marshall a allunan hanya, domin tun shekarar 2005 aka raɗa wa filin sunansa. Sai dai idan aka tambayi da yawa daga cikinmu, mu matasan Hausawa da aka haifa ko muka tashi a Maryland da Virginia da cikin birnin Washinton, abin da muka riƙe game da shi daga darasin makaranta bai wuce biyu ba: shi ne baƙar fata na farko da ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka, kuma shi ne ya jagoranci shari'ar da ta haramta raba makarantun farare da na baƙaƙe.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika koyarwa ba, alhali shi ya fi kusa da abin da ke hana iyayenmu barci idan ɗansu ya fita da mota da daddare bai dawo da wuri ba. Tun yana yaro har tsufansa, Marshall ya yi ta cin karo da tambaya guda: idan ɗan sanda ya daki mutum ko ya harbe shi, sannan ya ce ai mutumin ne ya fara kai masa hari, wa zai tantance gaskiya? Mu ba lauyoyi ba ne, amma mun ga ya dace mu kawo wa iyayenmu da ƙannenmu tarihin wannan mutumi ta wannan fuska.

Tasowarsa

An haifi Marshall a Baltimore ranar 2 ga Yuli, 1908. Mahaifinsa William ya yi aikin hidima a jirgin ƙasa, daga baya ya koma wani kulob na attajiran Turawa, mahaifiyarsa Norma kuwa malamar makaranta ce. Uban bai yi karatu mai zurfi ba, amma yana da wata ɗabi'a, idan ya samu sarari sai ya ɗauki 'ya'yansa su je kotu su zauna kallon shari'a, da dare kuma a baje mahawara a kan abin da aka gani.

Yaron ya tashi da ƙiriniya. A makarantar sakandaren baƙaƙe ta Baltimore, wadda aka sanya wa sunan Frederick Douglass, horon da ake yi masa idan ya yi laifi shi ne a ba shi kundin tsarin mulkin Amurka ya je ya haddace wani sashe. Kafin ya kammala a 1925 ya san kundin ciki da bai. Ginin makarantar yana maƙwabtaka da wani caji ofis, kuma kamar yadda ya riƙa ba da labari da ya girma, daga tagar aji yakan jiyo yadda ake jibgar baƙaƙen da aka kamo. Wato a hannunsa ga takardar da ta yi wa kowa alƙawarin adalci, a kunnensa kuma ga ƙarar kulki.

Shi kansa ya ɗanɗana kamu tun yana ɗalibi. Yana aikin kai wa masu saye huluna daga wani shago, wata rana zai hau motar haya ɗauke da kwalaye, sai wani Bature ya finciko shi ta baya, ya zage shi da mummunar kalmar nan da ake jifan baƙar fata da ita, wai ya sha gaban wata Baturiya. Marshall ya zubar da kaya ya rufe shi da duka. Da ɗan sanda ya zo, yaron aka tafi da shi. Mai shagon ne ya bi sawu ya fito da shi.

Daga nan ya tafi Jami'ar Lincoln a jihar Pennsylvania, inda ya gama a 1930, shekara ɗaya da Nnamdi Azikiwe wanda ya zama shugaban Nijeriya na farko. Ya so karanta aikin lauya a jiharsa, amma Jami'ar Maryland ba ta ɗaukar baƙar fata a lokacin, don haka ya shiga Jami'ar Howard da ke nan Washinton. Kullum da asuba yake hawa jirgin ƙasa daga Baltimore ya dawo da dare, kuma sai da mahaifiyarsa ta jinginar da zobban aurenta kafin a haɗa kuɗin makaranta. A Howard ya haɗu da malaminsa Charles Hamilton Houston, wanda ya cusa wa ɗalibansa cewa doka makami ce ta gyaran al'umma. Ya fita da sakamako mafi kyau a ajinsu a 1933. Cikin shekara uku shi da Houston suka kai Jami'ar Maryland kotu, suka tilasta mata ɗaukar wani ɗalibi baƙar fata mai suna Donald Murray.

A 1936 ya koma Niyok ya kama aiki da ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙar fata, a 1940 kuma ya zama shugaban sashenta na shari'a. A wannan shekarar yana cikin lauyoyin da suka yi nasara a Kotun Ƙoli a shari'ar Chambers da jihar Florida, inda aka soke hukuncin kisa a kan wasu baƙaƙe 4 da 'yan sanda suka tsare kwana da kwanaki suna matsa musu har suka amsa laifi. A 1943 da rikicin ƙabilanci ya ɓarke a Detroit, mutum 34 suka mutu, 25 daga ciki baƙaƙe ne, kuma 17 daga cikin baƙaƙen 'yan sanda ne suka kashe su, babu Bature ko ɗaya da ya mutu a hannun ɗan sanda. Marshall ya je da kansa ya tattara shaida, ya rubuta rahoto mai zafi inda ya kwatanta 'yan sandan birnin da na Hitila.

Daren Kogin Duck

A watan Fabrairun 1946, a garin Columbia na jihar Tennessee, wata gardama a kan gyaran rediyo tsakanin wata mata baƙar fata da ɗanta, tsohon sojan ruwa, da wani Bature ma'aikacin shago ta rikiɗe ta zama faɗa. Da labari ya bazu cewa gungun Turawa na shirin rataye yaron, mutanen unguwar baƙaƙe suka kashe fitilu suka ɗauki bindigogi. 'Yan sanda suka doshi unguwar cikin duhu, aka yi harbi, 4 daga cikinsu suka ji rauni. Da gari ya waye jami'an tsaron jiha suka afka wa unguwar, suka farfasa shaguna, suka kama mutum fiye da 100. Bayan kwana biyu aka harbe biyu daga cikin waɗanda aka kama har lahira a cikin gidan waƙafi, jami'ai suka ce wai bindiga suka rarumo.

An gurfanar da mutum 25 da tuhumar yunƙurin kashe 'yan sanda. A tsarin ƙasar nan mutanen gari ake zaɓowa su zauna su saurari shari'a su faɗi ko akwai laifi ko babu, su ake kira juri. 'Yan jurin wannan shari'a duk Turawa ne, don haka ba wanda ya sa rai. Marshall ne ya tsara kariyar, amma ciwon huhu ya kwantar da shi, abokan aikinsa irin su Alexander Looby da Maurice Weaver suka tsaya. Suka matsa wa masu gabatar da ƙara su nuna wane ne ya harbi wane a cikin wannan duhu, abin ya gagara. A watan Oktoba juri ta wanke 23 daga cikin 25.

Da ya warke, Marshall ya zo Columbia a watan Nuwamba don kare wasu mutum biyu da suka rage, aka sallami ɗaya, aka ɗaure ɗaya. Da daddare suka kama hanyar Nashville shi da Looby da Weaver da wani ɗan jarida. Ba su yi nisa ba motocin 'yan sanda suka tare su, aka caje motar ana neman giya, ba a samu komai ba. Aka sake tare su, daga ƙarshe aka ce an kama Marshall da laifin tuƙi cikin maye. Aka sa shi a bayan mota tsakanin jami'ai, aka umarci sauran su wuce abinsu.

Motar ba ta nufi gari ba, sai ta saki titi ta gangara wata hanyar daji wajen Kogin Duck, inda wasu mutane ke tsaye suna jira. Abin da ya ceci Marshall shi ne taurin kan Looby, wanda ya ƙi bin umarnin, ya juya mota ya manne wa ta 'yan sandan. Ganin akwai idon shaida, sai suka juyo zuwa cikin gari. Da suka iso suka nuna masa ofishin majistare a tsallaken titi suka ce ya yi gaba shi kaɗai. Marshall ya ƙi ɗaga ƙafa sai tare da su, domin ya san labarin fursunoni da yawa da aka harba ta baya aka ce gudu suka yi. Majistaren, wani dattijo da ba ya shan giya, ya sa ya hura masa numfashi, ya tabbatar babu ko ɗigo, ya sallame shi.

Mai karatu zai lura cewa yaron da ya zubar da huluna ya kai naushi a Baltimore, a wannan dare bai ɗaga hannu ba, bai ruga ba, bai kuma yarda ya ba da baya ba. Ya riga ya san cewa motsi ɗaya ya isa a rubuta a takarda cewa shi ya jawo wa kansa.

Harbin Groveland

Abin da ya tsallake a Tennessee shi ya faɗa wa waɗanda yake karewa a Florida. A watan Yulin 1949 wata Baturiya 'yar shekara 17 ta zargi baƙaƙe 4 da yi mata fyaɗe kusa da garin Groveland. Ɗaya, Ernest Thomas, an bi shi daji an harbe shi. Sauran ukun an lakaɗa musu duka a tsare. Aka yanke wa Charles Greenlee ɗan shekara 16 ɗaurin rai da rai, Samuel Shepherd da Walter Irvin kuwa, dukansu tsoffin sojoji, aka yanke musu kisa. Lauyoyin ofishin Marshall suka ɗaukaka ƙara, a watan Afrilun 1951 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin mutum biyun ta ce a sake shari'a.

Ranar 6 ga Nuwamba, 1951, Willis McCall, wanda shi ne sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma da jama'a ke zaɓa, ya ɗauko Shepherd da Irvin daga kurkuku da dare don kai su kotu. A wata hanya da ba kowa ya tsaya, ya harbe su duka biyu. Bayaninsa shi ne ya tsaya duba taya, sai suka far masa, ɗaya ya buge shi da tocila, shi kuma ya kare kansa. Mutanen nan biyu suna ɗaure da juna da ankwa guda. Shepherd ya mutu nan take.

Abin da McCall bai lissafa da shi ba, Irvin bai mutu ba, lamɓo ya yi. Marshall ya garzaya Florida, kuma a gaban lauyoyi da 'yan jarida Irvin ya ba da nasa labarin daga gadon asibiti: babu wanda ya taɓa sherif, fito da su ya yi ya buɗe musu wuta, kuma da mataimakinsa ya iso ya ga yana numfashi sai ya ƙara masa harsashi a wuya yana kwance. Jami'an hukumar FBI sun tono harsashi a cikin ƙasa daidai inda jinin Irvin ya zuba, abin da ya dace da harbin mutumin da ke kwance. Duk da haka kwamitin binciken gunduma ya wanke McCall, ba a kuma gurfanar da kowa ba. Harry Moore, jagoran NAACP a Florida wanda ya nemi a dakatar da sherif ɗin, an dasa wa gidansa bam a daren Kirsimeti na wannan shekara, shi da matarsa suka rasu.

A watan Fabrairun 1952 Marshall da kansa ya tsaya wa Irvin a sabuwar shari'a. An yi wa Irvin tayin ya amsa laifi a bar shi da ransa, ya ƙi, ya ce ba zai amsa abin da bai aikata ba. Juri ta Turawa zalla ta sake yanke masa kisa. A 1955 gwamnan jihar ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai, aka sake shi a 1968, ya rasu a 1969. McCall kuwa ya ci gaba da cin zaɓe yana riƙe da kujerarsa har 1972. Sai a 2019 jihar Florida ta yi wa mutanen 4 afuwa, a Nuwamban 2021 kuma kotu ta wanke su gaba ɗaya, lokacin babu ko ɗaya da ke raye. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan sai da ya ci shekara 72. Da Irvin ya mutu a bakin hanyar nan, da maganar McCall kaɗai tarihi zai sani.

A Kujerar Alƙalanci

Nasarar shari'ar makarantu ta zo ranar 17 ga Mayu, 1954. Gaba ɗaya Marshall ya tsaya gaban Kotun Ƙoli a shari'a 32, ya ci 29. A 1960 ya je Landan ya taimaka wa 'yan kishin ƙasar Kenya wajen tsara sashen haƙƙin ɗan Adam na kundin mulkinsu. Shugaba Kennedy ya naɗa shi alƙalin kotun ɗaukaka ƙara a 1961, Shugaba Johnson ya mayar da shi babban lauyan gwamnatin tarayya a gaban Kotun Ƙoli a 1965, wanda hakan ya dawo da shi Washinton. A 1967 Majalisar Dattawa ta amince da shi a matsayin alƙalin Kotun Ƙoli da ƙuri'a 69, masu adawa 11. Ya zauna da iyalinsa a Lake Barcroft kusa da Falls Church a Virginia.

A cikin alƙalai 9 na kotun, shi ne wanda ya san yadda ake ji a bayan motar 'yan sanda da tsakar dare, kuma hakan ya fito fili a shari'ar Adolph Lyons. A 1976 'yan sandan Los Angeles suka tsayar da Lyons, baƙar fata ɗan shekara 24, saboda fitilar bayan motarsa ta mutu. Suka sa ya ɗora hannu a ka. Da ya yi ƙorafin cewa makullan da ke hannunsa suna ji masa ciwo, sai wani jami'i ya shaƙe masa wuya har ya suma. Ya farfaɗo a ƙasa yana tofar da jini, aka miƙa masa takardar tarar laifin hanya aka ce ya tafi. Lyons ya roƙi kotu ta hana 'yan sandan birnin shaƙe mutumin da ba ya barazana ga ran kowa.

A 1983 alƙalai 5 suka ce ba shi da hurumin neman wannan umarni, tunda ba zai iya tabbatar da cewa za a sake shaƙe shi nan gaba ba, sai dai ya nemi diyya. Marshall ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye su 4. Ya kawo lissafi cewa daga 1975 mutum 16 sun mutu ta wannan shaƙa a hannun 'yan sandan birnin, 12 daga cikinsu baƙaƙe. Ya nuna cewa idan aka bi wannan hujja, babu wani mahaluƙi da zai iya sa kotun tarayya ta tsayar da ɗabi'ar, birni zai ci gaba da abinsa muddin yana iya biyan diyya. An kayar da shi. Bayan shekara 31 Eric Garner ya mutu a Niyok bayan ɗan sanda ya shaƙe shi, a 2020 kuma George Floyd ya mutu ƙarƙashin gwiwar ɗan sanda a Minneapolis, mutane suka koma suna karanta abin da tsohon ya rubuta.

Akwai wuraren da ɓangarensa ya yi rinjaye. A 1985, a shari'ar wani yaro ɗan shekara 15 da aka harba a ƙeya a Memphis yana haura shinge da dala 10 da jakar da ya sata, kotu ta ce ɗan sanda ba shi da ikon harbe mai gudu sai in yana da dalilin ganin cewa mutumin haɗari ne ga rayuka. A 1987 kotun ta soke wata dokar birnin Houston da ta mayar da katse ɗan sanda da magana laifi, ta ce 'yancin mutum ya ƙalubalanci jami'i da baki ba tare da an kama shi ba yana cikin abin da ya raba ƙasa mai 'yanci da ta kama-karya. Marshall yana cikin masu rinjaye a duka biyun.

Sai kuma shari'ar Graham da Connor ta 1989, wadda har yau ita ce ma'auni. Kotu ta ce za a auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi da abin da jami'i mai hankali zai yi a wurin, a duba girman laifin da ake zargi, da ko mutumin barazana ne, da ko yana turjiya ko neman gudu. A nan ne mai karatu zai gane dalilin da ya sa tuhumar kai wa jami'i hari ke yawan biyo bayan duka: idan takarda ta nuna mutum ya turje ko ya kai hannu, dukan da ya sha ya samu madogara. A 2025 Kotun Ƙoli ta ƙara bayani cewa dole a duba duk yadda abin ya faro, ba daƙiƙar da aka harba bindiga kaɗai ba.

Kada a ɗauka Marshall maƙiyin 'yan sanda ne. Ɗansa John ya yi shekaru yana aikin ɗan sandan jihar Virginia, daga baya ya shugabanci hukumar jami'an tsaron kotunan tarayya. Abin da uban ya tsaya a kai shi ne kaki ba ya ɗora mutum a saman doka, kuma maganar jami'i shaida ce da za a auna kamar ta kowa. Ya yi ritaya a 1991, ya rasu ranar 24 ga Janairu, 1993, a asibitin sojan ruwa na Bethesda yana da shekara 84, aka binne shi a maƙabartar Arlington.

Abin Da Ya Bar Mana

Tambayar da ya yi fama da ita ba ta bi shi kabari ba. A Afrilun 2015 Freddie Gray ya mutu sakamakon karayar ƙashin baya da ya samu a motar 'yan sanda, bayan an kama shi a yammacin Baltimore, ɓangaren garin da Marshall ya tashi. An tuhumi jami'ai 6, ba a samu ko ɗaya da laifi ba.

A nan Washinton kuwa, shekara da shekaru dokar kai wa ɗan sanda hari tana da faɗin da ya wuce sunanta. Ba sai mutum ya kai duka ba, turjiya, ko tare hanya, ko tsoma baki a aikin jami'i, duk suna iya zama hari a takarda. A 2015 gidan rediyon WAMU da masu bincike na Jami'ar American suka duba ƙararraki kusan 2,000 na shekarun 2012 zuwa 2014, suka gano kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tuhuma baƙaƙe ne, kuma kusan biyu cikin uku ba a tuhume su da wani laifi na daban ba. Wato ba a samu abin da za a riƙe su da shi ba sai abin da ya faru bayan an tare su. A 2016 majalisar birnin ta gyara dokar, ta taƙaita hari ga ainihin hari, ta ware turje wa kamu a matsayin laifi mai zaman kansa. Sai dai dokar birnin ta fayyace cewa mutum ba shi da uzurin sa ƙarfi ya hana ɗan sanda kama shi, ko da kamun ba bisa ƙa'ida yake ba. Wurin wannan gardama kotu ne.

Haka kuma birnin cike yake da jami'an tarayya, su kuma dokarsu daban ce, har yanzu tana haɗa hari da turjiya da tare hanya da ƙarfi, kuma idan an taɓa jikin jami'i ɗaurin na iya kaiwa shekara 8. A Agustan 2025, lokacin da aka baza jami'an tarayya a titunan Washinton, wani mutum ya jefi ɗaya daga cikinsu da burodin sanwic a ƙirji a kusa da titin U. Masu gabatar da ƙara suka nemi a tuhume shi da babban laifi, mutanen garin da ke tantance ƙararraki suka ƙi amincewa. Aka koma ƙaramin laifi, a watan Nuwamba juri ta sallame shi. Ba muna cewa a yi koyi da shi ba, domin ya rasa aikinsa kuma ya sha zaman fargaba, ga shi mai katin zama ba ɗaya yake da ɗan ƙasa ba, hukuncin laifi na iya taɓa takardunsa. Abin lura shi ne waɗanda suka raba gardamar mutanen gari ne.

Ga ƙannenmu, darasin yana cikin daren Kogin Duck. Idan an tare ka, bar hannunka inda za a gan shi, kada ka fizge, kada ka ruga, kada ka taɓa jikin jami'i ko da wasa. Kana da ikon yin shiru, kana da ikon cewa ba ka yarda a caje ka ba, kana da ikon neman lauya, amma ka faɗe su da baki. Riƙe suna da lambar jami'i da lokaci da wuri. Idan kuma ɗan'uwanka aka tare, ka zama Looby: tsaya daga nesa inda ba za a ce ka shiga aikinsu ba, ka buɗe ido, ka ɗauki hoto da waya, kada ka tafi ka bar shi. Wannan ba tsoro ba ne, hanya ce ta isa gaban alƙali da rai da hujja.

Ga iyayenmu da yayyenmu da suka daɗe da zama 'yan ƙasa kuwa, muna da roƙo cikin ladabi. Mun sha ganin takardar kiran zaman juri ta iso gida, a yi ta neman dabarar kauce mata saboda aiki ko kasuwa. A tuna juri ce ta wanke mutum 23 a Tennessee, juri ce kuma ta mayar da Walter Irvin layin masu jiran kisa. A tuna McCall da ƙuri'a ya yi shekara 28 a kujerarsa, kuma har gobe a gundumomin Maryland da Virginia da ƙuri'a ake zaɓen sherif da babban mai gabatar da ƙara. Wata rana yaron da zai tsaya a gaban kotu a Upper Marlboro ko Rockville ko Fairfax, ana karanta masa cewa ya kai wa jami'i hari, zai iya zama ɗan gidanmu, zai kuma ɗaga kai ya dubi kujerun juri. Idan takardar ta zo, a daure a amsa ta.